Haƙuri da Haƙori

Yayata Jovelyn a farke take kwana,
a hawa na sha huɗu, unguwar Lahug, cikin Cebu,
inda aka kashe dare da fitilu da sanyin na'ura.
Wayar kunne a kanta kamar linzami.
Can ƙetaren teku gari ya waye wa wani,
katin bankinsa ya ƙi aiki,
ya rasa wanda zai zaga sai ita.

"Yi haƙuri, yallaɓai."
Sau ɗari da wani abu kafin asuba.
An ce musu ana jin murmushi ta waya,
sai ta yi yaƙe,
ta danne sauran maganar da turamen baya.
Haƙuri take rabawa kyauta,
haƙori ke biyan kuɗin.

Na taɓa kai mata lema, na hango ta ta gilashi:
haɓa ta yi gaba tana bin allo
kamar kunkurun da ya leƙo shan ruwa,
kafaɗu sun hau har kunne,
kujera ta yi ƙasa, tebur ya yi sama,
baya ya lanƙwashe ya zama alamar tambaya.
Kai kuwa kaya ne. In ya zame daga kan wuya
ƙeya ke ɗauka,
ƙeya kuma ta tura wa muƙamuƙi.

Da hantsi take dawowa a jifni,
ta rataya bargo a taga, ta ƙirƙiri dare.
Ɗaki ɗaya, katifa biyu.
Ina karatun jinya, tana barci,
sai in ji shi: ƙurrr, ƙurrr,
kamar ana niƙa tsakuwa a bayan bango.
Me take taunawa alhali ba ta ci komai ba?
Kuɗin makarantata.
Kwanon rufin Mama da guguwa ta kwashe a Bogo.
Da sunan da suka laƙa mata a ofis,
don nata ya yi wa baƙi nauyi a baki.

Sau ɗaya na tashe ta. Ta ce, "Ni? Mafarki kike."
Ta murza gefen kunne, ta haɗiye ƙwayar ciwon kai.

Ba ƙashi ya fasa shi ba, ba dutse ba.
Ranar Lahadi ce, bakin kasuwar Carbon,
shinkafar nan da ake dafawa cikin saƙar ganyen kwakwa,
luguf, ko jariri zai ci.
Loma ta biyu, ƙas.
Ta tsaya cak, ido ya kawo ruwa,
ta tofo ɗan farin abu a tafin hannu,
bai kai ƙwayar shinkafar girma ba.

Dakta Ouano ta haska fitila, ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Tsagar nan ba ta yau ba ce.
Bango ba ya faɗuwa ranar da ya tsage."
Ta nuna mata a madubi: duk tsini ya suɗe,
gefen harshe da sawun cizo jere.
"Leɓe a rufe, haƙora a ware,
haka baki ke hutawa.
Ɗaga allon nan. Sauke kafaɗa.
Wa ke ɓata miki rai?"
Jovelyn ta yi dariya da rabin baki:
"Wanne daga ciki?"

Yanzu da roba a baki take barci.
Allonta na zaune kan littattafaina uku na bara.
Gyaran haƙori ya cinye rabin kwanon Mama,
ruwan sama kuwa ba ya karɓar uzuri.

Jiya da azahar na kasa kunne.
Shiru, sai fanka.
Na duƙufa kan takardu, jarrabawa saura kwana tara,
can na ji gefen kunnena ya yi tsami.
Na buɗe baki a hankali.
Ashe ni ma
tun safe a cije nake.